Yadda Yaya Ya Koyi Gudu

Yayana mai gyaran takalma ne. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai aski da mai sayar da kayan wuta. Shagon bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Akwai benci guda na masu jira, da 'yar kujerarsa mai gajerun ƙafafu wadda ta lotsa daidai mazauninsa, da keken ɗinkin fata, da kwalaye cike da dunduniyoyi. Warin gam kuwa ba ya barin rigarsa ko an wanke ta sau uku. Mutanen layin, Mai Gyara suke ce masa. Ni Yaya nake ce masa, ko da yake shekara huɗu kacal ya ba ni.

Mu uku iyayenmu suka haifa: Babban Yaya, sai shi, sai ni auta. Babban Yaya direban motar kamfani ne, ƙato, mai dariya har da buga cinya. Wata Talata ya dawo daga aiki, ya ajiye makulli a kan tebur, ya ce wa matarsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Ta shiga kicin ɗebo masa ruwa, kafin ta fito rai ya yi halinsa. Shekararsa hamsin da huɗu. Likita ya ce zuciya ce.

Lokacin Yaya yana da hamsin da biyu. Bai yi kuka a gabanmu ba, shi ya riƙa ba mu haƙuri. Amma daga wannan makon ya zama wani mutum daban. Tafiyarsa ta koma kamar ta mai ɗauke da tiren ƙwai. In yana zaune a shago, sai ka ga hannunsa ya saki allura ya tafi ƙirjinsa na hagu, ya dafe, ya yi shiru kamar mai sauraron rediyo. Ya daina ɗaga jarkar ruwa. Ya daina ɗora jikarsa a kafaɗa, ta zo da gudu tana miƙa hannu ya ce mata, "Je ki wajen kakarki, ni na tsufa." Tsakanin gida da shago tafiyar minti goma ce, amma sai ya tsaya ya jira mota. Zama ya ƙaru, tumbi ya fito, numfashi ya gajarce, shi kuma duk lokacin da numfashin ya gajarce sai ya ce a ransa, to, ga ta nan ta fara.

Kusan shekara biyu aka yi a haka. Wata rana matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta same ni a wurin aikina. Ina aiki ne a wani gidan wanki da guga, kuma ba ta taɓa zuwa can ba. Ta tsaya tsakanin zannuwan gado da aka shanya, ta ce, "Auta, kina kallon yayanki kuwa? Mutumin nan fa yana nan da rai amma ya gama sallama da duniya. Na yi magana har bakina ya gaji. Ke yake jin kunya, zo ki ja shi asibiti."

Da ƙyar ya yarda. Ya ce me zai je ya ji, abin da ya riga ya sani? Na ce masa in ya sani, ai ba abin da zai ragu don likita ta maimaita. Muka tafi mu uku, yana tsakiya kamar wanda aka kamo.

Likitar ba ta kai 'yarsa ta fari shekaru ba. Ta saurare shi har ya gama, ta tambayi yadda Babban Yaya ya rasu, ta sa aka ɗebi jininsa, aka manna masa wasu wayoyi a ƙirji, aka ɗora shi a kan wani inji mai tafiya a ƙarƙashin ƙafa yana takawa suna kallon allo. Bayan kwana uku muka koma. Ta buɗe takardun ta ce, "Baba, zuciyarka lafiyarta ƙalau."

Yaya ya dube ta kamar ta zage shi. "To nauyin da nake ji fa?"

"Ƙwannafi ne, da tsoro. Kana cin abinci ka duƙa a kan aiki nan take. Jininka ya ɗan hau, nauyinka ma ya ƙaru. Ba na ce ka yi wasa da abin da ya sami ɗan'uwanka ba, shi ya sa za ka riƙa zuwa muna dubawa. Amma abin da zai cuce ka yanzu zaman nan ne. Ina so ka fara motsa jiki."

"Likita, ni da nake lallaɓa ta, ke kuma ki ce in wahalar da ita?"

Ta ce, "Me ka ce kana ɗinka takalma da shi?"

"Keke."

"In ka lulluɓe shi shekara biyu ba ka taka shi ba don kada ya lalace, me za ka tarar?"

Yaya ya ce, "Tsatsa."

Ta rubuta masa a takarda: mako biyu na tafiya da sauri, bayan nan ya fara haɗawa da ɗan gudu kaɗan-kaɗan. Ta kuma faɗa masa irin ciwon da in ya ji ya tsaya nan take ya zo asibiti. A hanyar komawa Anti sai hamdala take yi. Na lura dai da muka sauka daga mota Yaya bai dafe ƙirji ba.

Wanda ya san Yaya ya san ba ya karanta takardar umarni. Ko sabon gam ya saya, sai ya ɓata takalmi ɗaya kafin ya duba abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Mako biyun tafiyar nan bai yi ko kwana ɗaya ba. A shagonsa akwai wani kambas da wani ya kawo gyara, daga baya ya aiko cewa ya bar garin, a ba duk wanda ya yi wa daidai. Yaya ya gwada, ya yi masa cif. Washegari da sassafe, gari ya fara haske, ya sa kambas ɗin da tsohon wandon da yake fenti da shi, ya fita babban titin da ke bayan layinsu, mai jerin falwayoyi har gada. Ya tuna yadda yake tsere a makaranta, ya zuba da gudu iya ƙarfinsa.

Falwaya uku ya wuce. A ta huɗu wani abu ya soke shi a ƙasan haƙarƙari kamar an caka masa basilla. Numfashi ya ƙi shiga. Ya lallaɓa ya zauna a bakin kwalbati, ya dafe wurin, ya fara kalmar shahada. Daga baya ya ce min abin da ya fi damunsa a lokacin shi ne a zo a tsinci gawarsa cikin wandon fenti.

Yana nan sai ga wani dattijo siriri, mai furfura fat, ya taho yana ɗan gudunsa a hankali. Tsohon ma'aikacin kashe gobara ne da ya yi ritaya, kowa a unguwar Kwana-kwana yake ce masa. Ya haura saba'in, kuma kullum sai ya bi titin nan. Ya tsaya, ya tsuguna, ya kama wuyan hannun Yaya yana duban agogonsa.

"Ina yake maka ciwo?"

Yaya ya nuna.

"Yana tafiya hannu? Ko muƙamuƙi? Kana jin jiri?"

"A'a. Nan ne kawai. Zuciyata ce, Baba."

Dattijon ya dubi inda ya dafe, ya ce, "Malam, zuciyar taka ƙaura ta yi? Nan ai dama ne. Wannan suka ce kawai, irin ta wanda ya kwasa da gudu ba shiri. Ɗaga hannunka sama, ja numfashi ta hanci, sake shi a hankali. Yawwa. Sake."

Kafin minti biyar ciwon ya tafi kamar ba a yi ba. Yaya ya ce bai taɓa jin kunya da daɗi sun haɗu masa a lokaci guda irin na ranar ba. Ya zaro takardar likita daga aljihu, don ashe ya taho da ita, ya miƙa wa dattijon. Kwana-kwana ya karanta ya ce, "Yarinyar nan ta san aikinta. Kai ne ba ka san naka ba. Gobe ka huta. Jibi ka same ni a nan, tafiya za mu yi."

Haka suka yi mako biyu suna tafiya kawai, ranar fita, ranar hutu. A mako na uku Kwana-kwana ya ce su fara: gudu daga falwaya ɗaya zuwa ta gaba, sai tafiya falwaya biyu, sai a sake. Dokarsa guda ce. "Gudun da za ka yi shi ne wanda za ka iya ba ni labari a cikinsa. Da na ji maganarka ta fara yankewa, ka yi sauri da yawa."

Gudun ya zama abin dariya. Yaya ya ce ranar farko wata mata mai tura baro cike da kayan miya ta wuce su, har ta waiwayo ta yi musu sannu. Labari kuwa bai kwana ba ya isa layin shago. Yana buɗe ƙofa mai aski ya leƙo da almakashi a hannu.

"Mai Gyara, an ce an gan ka da safe. Wani ne ya biyo ka, ko kai ka biyo wani? Don in kai ka biyo shi, wallahi ya isa gida har ya yi wanka."

"Ka ji da naka tumbin," in ji Yaya.

"Nawa ai na gado ne. Naka ne na haya, shi ya sa kake son mayarwa."

Anti ma ba ta bar shi ba. In ya dawo yana haki sai ta ce, "Sannu da zuwa, zakaran duniya. Yau ƙasa nawa ka tsallaka?" Amma kafin ya shigo ta riga ta ajiye masa ruwan wanka, kuma ita ce ta je kasuwa ta sayo masa wando mai laushi ta jefar da na fentin.

Falwaya ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu. A mako na shida Yaya ya ji jikinsa ya fara sakewa, sai zari ya kama shi. Ranakun hutu ma ya riƙa satar fita shi kaɗai, yana ƙara sauri don ya ba dattijon mamaki. Bai yi kwana goma ba ƙwaurinsa duka biyu suka ɗauki ciwo, ko taka keken ɗinki ba ya iyawa. Ya zauna a gida rai a ɓace, ya ce dama ya sani, gudu ba na sa'anninsa ba ne. Kambas ɗin ya koma shago, ya jefa shi cikin kwali.

Kwana uku Kwana-kwana bai gan shi ba, sai ya biyo shi har shagon. Ya zauna a benci bai yi masa faɗa ba. Ya ce, "Kai da kake duba takalman mutane, in ka ga dunduniya ta cinye ta gefe ɗaya, me kake ce wa mai ita?"

"Ina ce masa tafiyarsa ce ba daidai ba."

"To ɗauko naka mu gani."

Yaya ya ɗauko, ya juya shi, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Bayan dunduniyar ya suɗe tas, gaban kuwa kamar sabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Dukan ƙasa nake yi da diddige. Ina wurga ƙafa gaba da yawa."

"Ni ban faɗa ba, kai ka faɗa. Ka rage tsawon taku. Ka huta har ciwon ya tafi, sannan mu koma baya mako biyu mu sake tahowa. Ranar hutu kuma hutu ce, ita ma cikin aikin take."

A ranar Yaya ya yi wa kambas ɗin sabuwar dunduniya da hannunsa. Bayan kwana goma suka koma titi.

Ni ban taɓa ganin gudun nan da idona ba sai wata safiya da aka ce mu zo aiki da wuri. Ina cikin bas, kusa da taga, muka biyo ta titin gadar. Sai ga su can a gefen hanya, dogon tsoho da gajeren yayana, suna tafe ɗas-ɗas-ɗas, rigar Yaya ta jiƙe sharkaf, bakinsa sai motsi yake yi, yana ta zuba, har da nuni da hannu. Shekara biyu rabon da in ga Yaya yana hira haka. Na juya fuskata ga gilashi don kada matar da ke kusa da ni ta ga hawayena.

Daga baya na tambaye shi wane labari ne haka ba ya ƙarewa. Ya ce da farko labarin takalma yake bayarwa, da na masu kawo gyara. Da waɗannan suka ƙare, dattijon kuma ya ce ba a yin shiru, sai ya tsinci kansa yana ba da labarin Babban Yaya. Yadda ya koya masa hawa keke ya sake shi a gangara. Yadda ya taɓa ɗaukar dukan Babanmu a madadinsa kan tagar da suka fasa. Yadda ranar da zai rasu ya biyo ta shago da rana ya ce a duba masa takalmi, Yaya ya ce aiki ya yi yawa ya dawo gobe. Wannan bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Anti. Ya ce yana faɗa kuka ya ƙwace masa a tsakiyar titi, ya so ya tsaya, Kwana-kwana ya ce, "Ci gaba, ai kuka ba ya hana ƙafa aiki." Suka ci gaba, yana gudu yana kuka, har gada.

A wata na huɗu suka daina ƙirga falwaya suka koma agogo: minti biyar, takwas, goma sha biyu, ashirin. Yaya ya tsaya a ashirin ya kafe. Da ya ga allurar agogo ta kusa wurin sai ƙafafunsa su yi nauyi. Wata Lahadi dattijon ya ce Yaya ya ba shi agogon ya riƙe masa, kuma yau sabuwar hanya za su bi. Suka tsallaka gadar, suka bi ta bayan makaranta, suka zaga filin ƙwallo. Duk lokacin da Yaya ya ce, "Baba, ba mu kai ba?" sai ya ce, "Saura kaɗan. Ina jin ka, sai mai takalmin ya ce me?"

A safiyar Lahadin nan ina gidana, ina cikin share tsakar ɗaki na ji ana buga ƙofata. Na buɗe na ga Yaya tsaye, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya dafa bango. Tsintsiya ta suɓuce min.

"Yaya, lafiya? Me ya faru? Ina Anti?"

Ya ɗaga hannu alamar in dakata, ya ja numfashi, ya ce, "Talatin da ɗaya."

"Talatin da ɗaya me?"

"Minti. Ban tsaya ba ko sau ɗaya. Tsohon nan ya yaudare ni." Sai ya fashe da dariya. Kwana-kwana yana bayansa a bakin titi, ya ɗaga min hannu ya juya abinsa.

Na ba shi ruwa ya shanye kofi biyu. Ya cire kambas ya jera su a bakin ƙofa, ya ce bari ya ɗan miƙe bayansa a kan darduma. Kafin in dawo daga kicin ya yi barci, hannuwa a baje, baki a buɗe, yana minshari. Na kira Anti a waya na ce kada ta nemi mijinta, ga shi nan ya cika min falo. Ba ta yi rabin awa ba ta iso. Muka zauna a kan kujera muna kallonsa kamar masu kallon talabijin.

Can ta ce a hankali, "Auta, akwai abin da ban faɗa miki ba. Ranar da na zo wurin aikinki, a ƙarƙashin keken ɗinkinsa na tsinci wata takarda. Ya rubuta wanda za a ba keken, wanda za a ba guduma, har kujerar nan tasa ya yi mata magaji. Ke benci ya bar miki."

Na ce, "Benci? Duk kayan shagon nan benci ne rabona?"

Muka toshe baki muna dariya kada mu tashe shi, tana share ido da gefen mayafi.

Da suka koma asibiti a wata na shida, likitar ta ce jininsa ya sauka, ta ce ya ci gaba da abin da yake yi, ya dawo bayan wata shida. Ba wani ɗan tsere ya zama ba. Tumbin ya ragu amma bai tafi duka ba, kuma har yau ɗalibai masu saurin zuwa makaranta suna wuce shi. Sau uku a mako yake fita. Gwiwar Kwana-kwana ta fara ba shi matsala, don haka yanzu a kan keke yake bin sa a gefe, yana sauraron labari.

Bana Yaya ya cika hamsin da biyar. Makon jiya ruwan sama ya kama su a hanya, ya ƙi fakewa, ya dawo gida jiƙe, mura ta kwantar da shi kwana biyu. Na je duba shi na tarar da shi cikin bargo, hanci ja, yana atishawa yana mita: shayin ya yi zafi, maganin ya yi ɗaci, an bar taga a buɗe. Anti ta ce, "Kin gan shi nan, tun jiya yake mulkata." Ya ce mu biyun ba mu da tausayi, mutum yana fama muna masa dariya. Sannan ya leƙo daga bargon ya tambaye ni ko na ga alamar gari zai washe kafin Alhamis, ranar fitarsu ta gaba.